Girman piza da yawan bakin da za ta ciyar

Masu gasa piza da masu yawan sayenta a Gombe sun tattauna kan wace girma ce ta fi riba, kuma kusan bakinsu ya zo ɗaya: a daina ƙirga yanka, a tambayi faɗi da inci. Wani shagon yana yanka mai inci 12 gida 8, wani ya yanka mai inci 14 gida 8 ɗin, alhali ba ɗaya suke ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Don a kwatanta yawan pizar da za a samu, a ninka faɗin da kansa: inci 10 ya ba da 100, inci 12 ya ba da 144, inci 14 ya ba da 196. Ke nan mai inci 14 kusan ƙanana biyu masu inci 10 ce. Muddin kuɗinta bai kai ninki biyu na ƙaramar ba, ita ce mai araha. Har ila yau ƙanana biyu sun fi yawan busasshen gefe, inda babu cuku babu nama, kuma yara kan bar shi a faranti.

Kan ciyarwa, sun ce a ware yanka 3 ga babba, 2 ga yaro, in girman yankan mai inci 12 ne. Mai inci 12 ta ishi mutum 2 zuwa 3, mai inci 14 kuma 3 zuwa 4. In akwai kaza ko dankali a gefe, a rage.

Ƙanana suna da amfani idan wani na son yaji wani ba ya so. A kuma gaya wa ɗan acaɓa ya riƙe kwalin a kwance, domin in ya karkata cukun mai zafi zai zame gefe guda.