Kunnena ya hana ni barci bayan mun koma Fatakwal, ku taimaka da shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon bayanin. Ni 'yar Katsina ce, bara maigida ya ɗauko mu zuwa Fatakwal saboda kasuwancinsa ya koma can. Da ma ban so tafiyar ba, Hajiyarmu ce ta ce in bi mijina, na bi. Gidan da muka kama na ƙasa ne, bangon ɗaki kullum a jiƙe, shanya ta kwana biyu ba ta bushe ba, takalman da na ajiye a ƙarƙashin gado har funfuna suka yi. Na yi wa mai gidan hayar magana ya fi sau uku, sai dai ya ce haka garin yake. To yau sati biyar ke nan kunnena na dama yana ƙaiƙayi, irin wanda ji nake kamar in zura yatsa har ciki. Yanzu ya toshe, magana ma kamar daga cikin rijiya nake jin ta. In na sa auduga sai ta fito da wani abu fari-fari kamar jiƙaƙƙiyar takarda, da baƙin ɗigo-ɗigo a jiki. Na sa magani bai yi ba. Me zan yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Sanyi ne ya shige ki, ba wani abu ba. Ki samu man zaitun mai kyau, ki daka tafarnuwa ɗaya ki zuba, ki ɗan ɗumama, ɗigo biyu safe da dare. Ni da shi na raini 'ya'ya bakwai, ba wanda ya taɓa zuwa asibiti don kunne.

Amaryar Legas:
Wayyo, kamar labarina. Ni a Agege daminar farko har jakar lefena ta yi funfuna, maigida kuma cewa ya yi ƙazanta ce tawa. Har yau abin yana min ciwo.

Anti Nas:
Maman Biyu, wane magani kika sa, kuma kwana nawa? Shi ne ba ki faɗa ba. Abin da kika kwatanta ya yi kama da funfunar kunne, wadda a asibiti muke kira otomycosis. Baƙin ɗigon nan yawanci Aspergillus niger ne, dangin wanda kike gani a jikin albasa ko burodin da ya kwana a laima. Farin kuma yakan zama Candida, wata irin funfunar. Alamarsa ta farko ƙaiƙayi ne mai tsanani fiye da zafi, sai toshewa da raguwar ji. Ramin kunne wuri ne mai ɗumi da duhu, in ya samu danshi shi ke nan. A Katsina damina wata huɗu ce iska ta bushe, a Fatakwal kuwa ruwa yakan kai wata takwas.

Maman Biyu:
Anti na kyamis ne, ya ce na kashe ƙwayoyin cuta ne, gentamicin aka rubuta a kwalin. Kwalba ta biyu nake. Amma ni mai tsafta ce wallahi, kullum bayan wanka sai na goge kunnena da auduga.

Anti Nas:
To nan matsalar take. Ba a ce ke ƙazama ba ce. Dauɗar kunnen nan da kike kwashewa kullum ita ce garkuwa, tana da ɗan tsami da maiƙo da ke hana funfuna zama. Audugar tana cire ta, tana kuma kuje fatar ciki. Maganin da kika daɗe kina ɗigawa yana kashe bakteriya ne kawai, ya share wa funfuna fili, ga shi yana ƙara jiƙa wurin. Ki dakata da shi. In akwai huji a dodon kunne, gentamicin na iya taɓa jin mutum. Ki je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa, ya zuƙe dattin da na'ura, sannan ya rubuta na funfuna irin su clotrimazole in ya dace. In ba a zuƙe ba, maganin ba ya kaiwa fata. Kuma kina da ciwon suga? Ga mai suga ciwon kunne ba abin jinkiri ba ne.

Hajiya Babba:
Ku 'yan boko komai sai na'ura. Iyayenmu da gashin kaza suke sosa kunne, sun kai tamanin suna ji ras. 'Yata kar ki bari a zura miki ƙarfe a kunne. Ƙanwata haka aka wanke mata a wani asibiti, wata guda tana jiri, kuɗin ma ba a magana.

Anti Nas:
Hajiya da girmanki, man zaitun da tafarnuwa a kunnen da ba a ga dodonsa ba haɗari ne.

Hajiya Babba:
Zaitun da Allah ya ambata a Alƙur'ani ne haɗari? Ki ƙara da habbatus sauda ma 'yata.

Ummu Yara:
Ni tambayata, kina ɗaura ɗankwali da hijabi kan jiƙaƙƙen kai? Ni shi ya jawo min a Kumasi. Sai da na koma busar da kitso kafin in rufe, na daina kwana da iyafis ina jin karatu. Amma nawa ya dawo sau biyu, gaskiya.

Maman Biyu:
Ummu Yara ya zan yi, gidan haya ne da maza a tsakar gida, ba zan zauna kai buɗe ba. Anti, suga kam an ce ya ɗan hau lokacin cikin 'yan biyu, ban sake gwadawa ba. Asibitin kuma maigida yana Aba sai ƙarshen wata, ban san gari ba, ba mai riƙe min yara. Audugar ma ba da ƙarfi nake sawa ba, in ban sosa ba ba na iya barci. Kwalbar saura kaɗan, ina ganin in ƙarasa ta tukuna. Hajiya, man zaitun ɗin kafin maganin ake sawa ko bayansa?

Anti Nas:
Don girman Allah ki fara gwada sugan gobe, ko a kyamis ne. Fuskarki ko bayan kunnen ya kumbura?

Hajiya Babba:
Bayan maganin 'yata, da dare in za ki kwanta.