Shekara 3 ina narka tsofaffin batura, ciwon ciki ya ƙi barina. Wa ke zuwa ya bincika?

Mai narka batir:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani wuri a Kano inda muke fasa tsofaffin baturan mota da na sola, mu tsiyaye ruwan, mu cire farantan ciki mu narka su a tukunya, a zuba dalmar a mazubi. Mu 11 ne, ni ne a bakin wuta. Tun bayan ƙaramar Sallah cikina ke murɗawa, sai in yi kwana 3 ban yi bayan gida ba, bakina kullum kamar na tsotsi ƙarfe. Sau biyu aka ce taifot ne a kemis, na shanye maganin, babu sauyi. Yanzu hannuna na dama ya fara sanyi, ludayin zuba dalma ma sai na haɗa da na hagu.

Maigidanmu yana ba mu gwangwanin madara duk yamma, ya ce tana wanke hayaƙin. Takunkumi kuwa irin na yadi ne da ya rage tun lokacin korona. Abin da ya sa na rubuto shi ne 'yata mai shekara 2, wadda da na shigo gida take rungume ƙafata tun ban cire kayan aiki ba. Kwanan nan ba ta cin abinci, ga yawan kuka. Akwai hukumar da ke zuwa ta auna irin wurin nan? Kuma in na kai ƙara, ba aikina zan rasa ba?

'Yar Anka:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na kai wajen yarinyar sai da gabana ya faɗi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar ƙaramar hukumar Anka, kuma ina gida a 2010 lokacin da yara suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare da Sunke, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Da fari kowa cewa yake zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, saboda jijjiga da suma. Sai da likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka sa aka auna jini aka gano dalma ce. Maza na kawo duwatsun zinariya cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙa irin na hatsi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 aka rasa. Ƙaramar na'urar da ake auna dalmar jini da ita a 65 take tsayawa (wato maikrogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini), kuma yara da yawa sun wuce abin da za ta iya karantawa. Daga 45 ake fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce daga 5 ma a tashi a nemo inda gubar ke fitowa. A 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin da ka lissafa, murɗawar ciki da ƙullewar bayan gida da sanyin hannu daga wuyan hannu, duk sun yi kama da gubar dalma, amma awon jini ne kaɗai zai tabbatar. Ka je babban asibiti, ka faɗa wa likita sana'arka da bakinka tun kafin ya tambaya, ka ce kana son a auna yawan dalma a jininka. Ka tafi da yarinyar da mahaifiyarta. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. In matarka na da ciki, wannan ma ka faɗa, domin tana ratsawa zuwa ga ɗan tayi.

Daga yau kada kayan aikinka su ƙara shiga gida. Ka yi wanka ka sauya kaya da takalmi a can, kada uwargida ta haɗa wankinsu da na yara. A riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya. Kuma a dakatar da sa wa yarinyar kwalli, don wani kwallin dutsen dalma ne da kansa.

Madara abinci ce mai kyau, ka sha abinka, amma ba ta fitar da dalma. A Zamfara ma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don wanda ya koma cikin gubar, awonsa sake hawa yake yi.

Tsohon ma'aikacin ƙwadago:

Malam, hukuma akwai. Sufetocin masana'antu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, tana da ofis a kowace jiha, kuma dokar masana'antu ta 1987 ta ba su ikon shiga wurin aiki su duba. Abin da ya shafi ruwan batir da ake zubarwa a kwata da hayaƙin da ke shiga unguwa kuwa, na NESREA ne, wato hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Binciken gaskiya ba leƙawa a fita ba ne. Ana maƙala wa ma'aikaci ƙaramin famfo a ƙugu, bakin bututun yana daidai wuyan rigarsa, ya wuni da shi tsawon awa 8 yana zuƙar iskar da yake shaƙa, sannan a kai matatar ɗakin gwaji. Ana goge teburin da kuke cin abinci a auna, a ɗebi ƙasar wurin, a auna jinin kowa. Sannan a duba ko akwai bututun da ke janye hayaƙi daga saman tukunya, da wurin wanka. Zan faɗa maka gaskiya, sufetoci kaɗan ne kuma kayan awon ba kullum ake da su ba, shi ya sa takardar sakamakon jininka ta fi komai ƙarfi. Ka yi mata kwafi.

Batun diyya, dokar 2010 da NSITF, asusun inshorar ma'aikata na tarayya, ke gudanarwa ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, kuma ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi. Maigida ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci. Ka sanar da shi a rubuce da zarar sakamako ya fito, kada ka bari ya wuce kwana 14. Kora kuwa ba zan ce ba za ta faru ba. Ku je ku uku ko huɗu a auna ku tare, ya fi wuya a sallami mutum huɗu masu takarda iri ɗaya.

Baba na Challawa:

Yaro, ni shekara 19 na yi a kamfanin jima, har yau fatar hannuna ba ta koma daidai ba saboda sinadarin da muke tsoma fata a ciki. Mun taɓa kai kuka, aka zo, aka raba mana safar hannu da takalman roba, bayan wata biyu suka yage ba a sake ba. Shawarata ka fara yi wa maigidan magana cikin mutunci, wataƙila shi ma bai sani ba, tunda hayaƙin nan shi ma yana shaƙa. Amma kada ka ƙara cin abinci ko goro a bakin tukunyar nan da hannun da ba ka wanke da sabulu ba. Allah ya ba ka lafiya, ya raya yarinyar.

Mai narka batir:

Amin Baba, na gode. Yaya 'yar Anka, jiya na sayi bokiti da sabulu na ajiye a wurin aiki, kayan kuma na ƙulle su a leda na bar su can. Kwallin ma an ɗauke. Na yi wa abokan aikina biyu magana, ɗaya ya ce shi ma cikinsa haka yake yi tun bara, ya yarda mu tafi tare ranar Litinin, ɗayan ya ce sai ya yi shawara da yayansa. Maigida ban tunkare shi ba tukuna, ina so takardar ta fara zuwa hannuna. Tambaya ɗaya ta rage: ita yarinyar a yatsa za a ɗebi jinin ko a jijiya, kuma sai ta je ba ta ci komai ba?

'Yar Anka:

Ba sai da yunwa ba, a ba ta abincinta. Na jijiya ya fi tabbas. In a yatsa za a fara, ka tabbatar an wanke hannunta da sabulu sosai, don ƙurar da ke kan fata tana iya ɗaga awon. Ka rubuto mana lambar da ta fito, taka da tata.