Wane ɗa Annabi Ibrahim ya kai yanka?

Mai shayi, Garwa: Jama'a, ranar Layya na kai wa maƙwabcina Kirista cinyar rago, sai ya ce a littafinsu Ishaƙu aka kai yanka. Mu kuwa Isma'ila muka sani. Yaya abin yake?

Malamin allo, Marwa: Ɗan'uwa, bai yi ƙarya ba. A Farawa, littafi na farko a Baibul, sura 22 ta ambaci Ishaƙu, Yahudawa ma haka suke karantawa. Suratus Saffat ba ta faɗi suna ba, amma galibin malamanmu sun ce Isma'ila ne. Abin da ke taɓa ni, a Alƙur'ani uban sai da ya shawarci yaron. A Farawa kuwa yaron tambaya yake, ina ragon?

'Yar Kusiri: Malam, har Nuhu ma. A Suratu Hud ɗansa ya nutse, a Farawa duk 'ya'yansa maza uku sun tsira.

Mai shayi: To, ya dai cinye naman.