Takardar tukar rake tana shan tawada, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina gwada yin takarda da tukar rake da nake kwasowa wajen masu mazarƙwaila, maimakon a bar ta a ƙona. Ina yanka ta ƙanana, in dafa ta awa biyu da sodar sabulu, in wanke, in kirɓa a turmi har ta zama kamar ƙullu, sannan in tace da rariya in shanya a kan ƙyalle.

Takarda tana fitowa, amma da na ɗora alƙalami sai tawada ta bazu kamar an ɗiga ruwa a kan yashi. Idan na naɗe ta kuma, ta karye a tsakiya. Na zuba sitacin rogo, rubutu ya ɗan zauna, sai dai ta yi tauri kamar kwali (uwargida har ta fara ƙorafin turminta).

Wani ya ce ɓargon cikin raken ne matsalar, wai dole ne in cire shi. Ta yaya ake raba shi da zaren da hannu? Kuma idan na haɗa da ɓawon rama, wanda zarensa ya fi tsawo, kashi nawa zan sa? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka mini.