Sai wadda ta yi gasa ce kaɗai ke iya fitar da zakara? Muhawara kan Mel Marshall

Malam Sani: Ni dai ra'ayina, ba a zama babbar kocin ninkaya sai an taɓa shiga ruwa a babbar gasa. Ku dubi Mel Marshall ta Birtaniya. Ta je Olamfik ta 2004 a Atens tana ta ɗaya a duniya a mita 200 na salon sake (wanda ake iyo a kife ana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya), ta ƙare ta 16. A 2006 ta kwaso lambobi shida a gasar Kwamanwel ta Melbon. Ta daina gasa a 2008, ta kama horarwa a kulob ɗin birnin Darbi, kuma a hannunta Adam Peaty ya tashi tun yana ɗan shekara 14, har ya ci zinare a mita 100 na salon kwaɗo (wanda ake buga ƙafa kamar kwaɗo) a Olamfik ta Rio a 2016 da daƙiƙa 57.13. Wanda bai sha ruwan ba, da me zai koyar?

Hajiya Rabi: Malam, misalin naka ni yake goya wa baya. Marshall 'yar salon sake ce da na rigingine, Peaty kuwa ɗan salon kwaɗo ne, kuma tazara ce mai yawa tsakaninsu. A salon sake hannu ke ɗaukar yawancin aikin, jiki na tafiya ba tsayawa. A na kwaɗo gudu yana faɗuwa a duk lokacin da aka naɗo ƙafa, don cinya na tare ruwa. Shi ya sa ake koya wa yaro ya kai dugadugai wajen ɗuwawu maimakon ya jawo gwiwa ƙarƙashin ciki, ya bar gwiwoyi kusan faɗin ƙugu, ya juya tafin ƙafa waje, sannan ya buga bayan hannuwa sun riga sun miƙe gaba. In bugun ya zo da wuri, hannu da ƙafa su yi ta cin junansu. Wannan ba a jikinta ta ɗauko shi ba, a bakin tafki ta koye shi da ido da agogo.

Malam Sani: Hajiya, na yarda da batun salo. Amma Atens fa? Lokacin da ta kafa a gida kafin gasar ya fi sauri a kan 1:58.03 da Camelia Potec ta ci zinare da shi. Wadda ta ga haka ta san zafin a kai ƙololuwa a watan da bai dace ba.

Koci Bala: A nan kana da gaskiya rabi. Matsalar sananniya ce: a yi gasar tantancewa watanni kafin babbar gasa, ɗan wasa ya zuba duk ƙarfinsa a can, sai a rasa yadda za a sake ɗaga shi. Amma maganinta a takarda yake, ba sai ka faɗi ba. Sati biyu zuwa uku kafin gasa ake rage yawan mitoci da kusan kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a bar saurin yadda yake, kuma kada a rage yawan shiga ruwa sosai, don hannu na saurin manta yadda yake kama ruwa. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Ko koci ya tsorata ya ci gaba da loda aiki har sati na ƙarshe, ɗan wasa ya iso da nauyin jiki, ya fita da kyau a mita 100 na farko ya mutu a 50 na ƙarshe. Ko a sassauta komai har da sauri, ya iso a huce amma ba kaifi. Mai tsoka da yawa, irin 'yan gajeren zango, yana buƙatar hutu mai tsawo fiye da yarinya 'yar shekara 15 mai iyon mita 800.

Zainab: Ku bar ni in ƙara da Bob Bowman. A jami'a ya yi ninkayarsa, bai taɓa zuwa Olamfik a matsayin ɗan wasa ba, shi ya horar da Michael Phelps mai zinare 23. Kuma akwai haɗari ga tsohuwar gwana da ba ku taɓo ba: abin da ya zo mata da sauƙi ba ta iya fasalta shi. Za ta ce wa yarinya "ki kama ruwa", ita yarinyar ba ta san gwiwar hannunta ce ke faɗuwa ƙasa da tafin hannu ba. Mai koyarwa sai ta iya rarraba motsi gida-gida, ta ƙirga bugun hannu a kowane tsawon tafki, ta haɗa da lokaci. In ƙirgen ya hau kuma lokaci bai sauka ba, hannu zamewa yake yi.

Hajiya Rabi: Zainab, kin taɓo inda ke min ciwo. Abin da ake kira "ilimin tsohuwar 'yar wasa" sau da yawa maimaita atisayen da aka yi mata ne a kan jikin da ba irin nata ba. Ɗan salon kwaɗo ba a cika masa mitoci da bugun kwaɗo, don gefen gwiwa na ciki ne ke fara kuka, sai a gauraya masa da sauran salo da aikin ƙarfi a waje. Da Marshall ta ɗora wa Peaty jadawalin 'yar mita 200, da wuya mu ga tarihin duniya da ya kafa na daƙiƙa 57.92 a 2015, balle 56.88 na Gwangju a 2019.

Malam Sani: To ai kun kawo ni inda nake so. Ban ce ta kwafi atisayenta ba. Ɗakin jira nake nufi, inda ake tara 'yan wasa takwas kafin a kira su, da yadda barci ke gagara a daren zagayen ƙarshe. A Olamfik ta Faris a 2024 Peaty ya rasa zinare da daƙiƙa 0.02, ya yi 59.05, Nicolò Martinenghi ya yi 59.03. A irin wannan tazara, abin da koci ta faɗa kafin a shiga ma yana da nauyi.

Koci Bala: Yana da nauyi, Malam, amma 0.02 ta fi zama a bango. Dokar salon kwaɗo ta ce a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda. In bugun ƙarshe bai zo daidai ba, ko ka zame kana jiran bango ko ka ƙara rabin bugu, duk asara ce. Gyaransa sai an ƙirga bugu daga tutocin da ake ratayewa mita 5 kafin bango a kowane atisayen sauri, har jiki ya san inda zai tsawaita bugu biyu na ƙarshe. Haka ma bayan juyi, bugun dolfin (kaɗa ƙafafu biyu a haɗe sama da ƙasa) ɗaya tak aka halatta, na biyu kora ce.