Neman kalma: in garkuwar jiki ta juya wa huhu, me za mu kira abin?

Mai fassara, Bauchi: Jama'a, assalamu alaikum. Ina haɗa shirin rediyo kan ciwon toshewar huhu mai daɗewa, wanda likitoci ke kira COPD, sai kalmomi biyu suka tsaya mini: autoimmunity, wato garkuwar jiki ta juya wa jikin mai ita, da autoantibody, wato sinadarin garkuwar da ke kai wannan harin. Ciwon ba na wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019. A nan kuma ba sai mashayin taba ba. Ku dubi mai tuyar masa a Wunti, tun asuba tana durƙushe gaban tanda, tana fifita itacen da bai gama bushewa ba, ido na zubar da ruwa, shekara da shekaru. Na rubuta "tawayen garkuwar jiki", amma bai kwanta mini ba.

Likita, Gombe: Wa'alaikumus salam, Malam. Mu fahimci abin tukuna, suna ya biyo baya. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, mutum ya bar taba da daɗewa, amma kumburin hanyoyin numfashinsa ya ƙi lafawa. A 2003 wasu likitoci suka kawo hasashen cewa garkuwar jiki ce ke ci gaba da faɗan. A 2004 aka nuna cewa in ciwon ya yi nisa, ƙwayoyin garkuwa kan taru gungu-gungu a bangon ƙananan hanyoyin iska. A 2007 kuma, a Amurka, aka samu sinadaran garkuwa a jinin masu emfisima (nau'in wannan ciwon da ke lalata ƙananan jakunkunan iska na huhu) suna kai wa ilastin hari, wato furotin ɗin da ke sa huhu ya buɗe ya koma. Bayanin da ake yi shi ne hayaƙi na sauya kamannin furotin na huhu, sai garkuwa ta ɗauke shi baƙo. Ka ga ba tawaye ba ne ke nan. Mai tawaye ya san wanda yake yaƙa, ita kuwa aikinta take yi, gane ɗan gida ne ya gagare ta. Sai dai ka yi hattara a shirin: wasu binciken da suka biyo baya ba su ga waɗannan sinadarai ba, har yau ana muhawara ko su ne ke ɓata huhun ko kuwa ɓarnar ce ke haifar da su.

Ma'aikaciyar jinya, Azare: Don Allah duk abin da za a zaɓa, kada a sa "karyewa" ko "lalacewar garkuwa". Da mutanenmu sun ji haka, ƙanjamau za ta faɗo musu a rai. Dama mai wannan tarin na fama da zargin tarin fuka, har a ware masa kofi a gida. Kar mu ƙara masa wani.

Ɗalibi, Kumo: Ranku ya daɗe, ni fa a gidan kallon ƙwallo na samo tawa: garkuwa ta ci gida.

Malamar Hausa, Misau: Ɗana, ka sa ni dariya, amma ba ka yi nisa ba. Ga abin da Likita ya kwatanta, Hausa na da kalmarsa: makuwa. Wanda ya yi makuwa lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa na nan, gabas da yamma ne suka rikice masa. Sai mu ce "makuwar garkuwa". Babu zargi a ciki, babu karyewa. Ta kuma hau sauran cututtukan irin wannan, kamar ciwon suga nau'i na 1 da lufus, ciwon da garkuwa kan kai wa fata da gaɓoɓi hari. Shi kuwa sinadarin da ke kai harin, tunda antibody muna cewa sinadarin garkuwa, wannan sai ya zama "sinadari maci-gida", jam'i "sinadarai maciya-gida".

Likita, Gombe: Hajiya, na karɓi makuwa hannu bibbiyu. Maci-gida kam zan gwada ta a ɗakin duba marasa lafiya in ga ko ba za a ɗauka tsutsa ba ce.

Mai fassara, Bauchi: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan karanta: "Masana na zaton hayaƙi kan sa garkuwar jiki ta yi makuwa, ta riƙa kai wa huhun mai ita hari." Maci-gida na ajiye ta sai Likita ya dawo mana da labari.