Kai yara Legas a hutun sabuwar shekara: ilimi ne ko ɓarnar kuɗi?

Mannir: Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda ƙarshen Disamba zan ɗauki iyali daga nan Katsina mu tafi Legas, mu dawo kafin a koma makaranta. Wurin Yaya Bishir za mu sauka a Agege. Yaran nan ba su taɓa wuce Kano ba, ina so su ga teku da idonsu. A sa mu a addu'a.

Kawu Lawal: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare. Amma Mannir, ba zan ɓoye maka ba, wannan tafiya ɓarnar kuɗi ce. Ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ya kwashi mata da yara, tafiyar sama da kilomita 1,000, don kallon ruwa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka san inda kuɗin mota ya kai, ƙarshen shekara kuma direbobi ƙari suke yi. Kana dawowa kuɗin zango na biyu na jiranka. In tambaye ka, yaran nan sun taɓa zuwa gindin Gobarau? Ka kai su Daura sun leƙa Kusugu? Yaron da bai iya lissafa ƙofofin garinsu ba, me zai gane a garin wasu?

Inna Murja: Yaya, maganar Gobarau na yarda da ita, amma ba ta hana wannan ba. Ni da nake aji kullum na san abin da nake gani. In na zo darasin teku, na zana a allo, na yi bayani har muryata ta dushe, sai yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ya kai dam ɗin Jibiya girma?" Ba laifinta ba ne, iyakar ruwan da ta sani ke nan. Wanda ya tsaya a bakin teku ya duba bai hango ɗaya gaɓar ba, ya ɗanɗana ya ji gishiri, ya ga jirgin ruwa ɗauke da kwantena yana jiran shiga Apapa, wannan ba ya buƙatar zanena. Gani ya kori ji.

Malam Sada: Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, lokacin ne. Me ya sa sai daidai shigowar Janairu? Shekararmu daga Muharram take farawa. Yau an ce yawon buɗe ido, gobe yara sun tashi da sanin cewa daren 31 ga Disamba dare ne na musamman.

Mannir: Allah ya gafarta Malam, ba biki zan je ba. Lokacin ne kawai hutuna ya haɗu da na yara. Ranar 1 ga Janairu gwamnati ta ba da hutu, makarantu a rufe, ofis ba wani aiki. Hutun Sallah na zumunci ne da kallon hawa, ba wanda zai bar Katsina ranar hawan Sarki ya tafi wani gari. Dogon hutu kuma damina ce, ina gona.

Malam Sada: Na karɓi wannan. Tafiya a bayan ƙasa don ganin ikon Allah ba abin ƙi ba ce, Alƙur'ani ma ya yi kira gare ta. Sai dai bakin tekun Legas a waɗannan kwanaki ba wurin tunani ba ne. Kiɗa ne da giya da shigar da ba ka so 'yarka ta gani. Wannan fa?

Yaya Bishir: Bari mai masauki ya yi magana. Ina murna da zuwanku, ɗaki na nan an share. Amma gaskiya rabin maganar Kawu haka take. Babu lokacin da ya fi Disamba tsada da cunkoso a tsibirin Legas. Mutanen da ke Ingila da Amurka sun dawo hutu, kowane dare da wasa, masu otal da masu tasi sun ɗaga farashi. Daga Agege zuwa Lekki kana iya cinye rabin yini a mota, yara na kuka, zafi ga shi nan, don mu nan ba mu san sanyin hunturu irin na gida ba. Wanda ya zo da niyyar bin wuraren da ake ɗauka a waya, aljihunsa zai yi kuka.

Amma ni ba can zan kai su ba. Bakin ruwa da sassafe za mu je, Malam, kafin masu kiɗa su farka, mu dawo kafin azahar. Za mu bi gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, su ga masunta cikin kwalekwale a ƙarƙashinsu. Jirgin ƙasan cikin gari da aka fara a 2024 yana tsayawa nan Agege, za su hau shi zuwa Oyingbo. Sai gidan tarihi na Onikan. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a ajiye, baƙar Marsandi, ramukan harsashi a jikinta. Na taɓa kai wani yaron shagona, ya tsaya ya yi shiru, sai da muka fito ya ce ashe mutumin da ke jikin naira 20 da gaske an yi shi.

Abin da na fi so su gani kuma kyauta ne. Kasuwar Mile 12 bayan asuba, lokacin da manyan motoci ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da attaruhu. Hausa za su ji ko'ina, da Yarabanci a bakin 'yan uwansu. Su san cewa tumatirin da ake nomawa a Danja shi ne a tukunyar mutumin Ikeja.

Kawu Lawal: Bishir, ka iya tsara magana, amma ba ka ce komai kan hanya ba. Ta Birnin Gwari za su bi, da irin abin da ta sha gani? Ko motar dare za su shiga da ƙananan yara? Jirgin sama ba kuɗinsa gare shi ba, kuma ko da akwai, lokacin hazo ne, sai a wuni a filin jirgi ana ɗage tashi. Ga Kano nan kusa. A hau Dala, a shiga Gidan Makama, a ga marina a Ƙofar Mata, a zaga Kurmi, a kai su gidan zu. A fita bayan asuba, a yi isha'i a gida. Shi ma birni ne.

Nura: Kawu, Allah ya ƙara girma, ko a raba gardama a tafi Abuja? Ƙarshen shekara ma'aikata sun watse garuruwansu, tituna fayau. Ga Masallacin Ƙasa, ga tafkin Jabi, ga Millennium Park da Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003. A hau jirgin ƙasa daga Rigasa a sauka Idu.

Kawu Lawal: Jirgin da aka tare a Maris ɗin 2022? Ban manta ba.

Inna Murja: Ba wanda ya manta, Yaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma in tsoro ne ma'auni, Jibiya da Batsari ma ba za mu je gaisuwa ba. Nura, Abuja na da kyau, sai dai babu teku, kuma shi ne dalilin tafiyar.

Bilkisu: Kawu, ka yi haƙuri zan sa baki. Tun muna yara kake ba mu labarin Legas, yadda kuke kai shanu, yadda kuka kwana a Jebba mota ta lalace, yadda ka fara ganin gadar sama. Da bakinka muka san garin. Yanzu jikokinka za su je, ya zama ɓarna?

Kawu Lawal: Bilkisu, ni neman kuɗi ya kai ni, ba kashe kuɗi ba. Kakanninmu da suka tafi Gwanja goro suka je ɗaukowa. Masu ci-rani da ke fita bayan kaka da abin sayen taki suke dawowa. Bahaushe na tafiya, ba wanda ya musa, amma da dalili yake fita.

Bilkisu: To mu mata fa? Fatauci da ci-rani na maza ne. Mace a gidanmu ba ta fita gari sai biki, ko rasuwa, ko an tura ta babban asibiti. Matar Yaya Mannir tun da aka kawo ta ba ta taɓa hawa mota don jin daɗinta kawai ba. Kuma a yi lissafi tsakani da Allah: abin da muke zubawa a anko da kayan gara a biki ɗaya, wa ya taɓa kiransa ɓarna a gidan nan? Atamfar da za a sa sau biyu a jefa akwati ba a magana, sai abin da yaro zai riƙe har tsufansa.

Inna Murja: Allah ya yi miki albarka. Ni abin da ke ci mini rai, mun mai da ganin duniya kayan masu kuɗi. Ɗan mai hali ya je Dubai ya dawo yana labari a aji, ɗan malamin makaranta ya sunkuyar da kai. Kuma ranar da za a tura su bautar ƙasa Ondo ko Ribas, wanda bai taɓa jin wani yare a kasuwa ba shi ne zai fara neman a dawo da shi gida.

Kawu Lawal: Maganar anko gaskiya ce, na daɗe ina faɗa ba a ji. Amma ɓarna ɗaya ba ta halatta ta biyu. Abin da zan yi nawa: ranar Asabar a kawo mini yaran gidan nan duka, maza da mata. Zan kai su tsohuwar Kwalejin Katsina da ta zama gidan tarihi, su ga inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka zauna aji. Daga nan Gobarau, mako na sama Daura. Ba na so ɗan Agege ya tambaye su labarin garinsu su yi zuru.

Mannir: Na gode Kawu, za su zo. Hanya kuma ta Kaduna da Abuja za mu bi, mu kwana, da safe mu kama ta Lokoja. Ba tafiyar dare. Ina so ma su tsallake kogin Kwara ido biyu. Kuɗin tafiyar daga waken da na sayar ne, ban taɓa albashi ba.

Malam Sada: Daren 31 kuma a gida za a kwana, Bishir, kada a ce za a fita kallon wasan wuta.

Yaya Bishir: A gida, Malam. Unguwarmu ma ƙarar abin fashewar yara ba ta barin mutum ya so fita. Mannir, ku taho da kaya marasa nauyi, rigunan sanyi iyakarsu Abuja. Kuma a riƙo mini kilishi da ƙuli-ƙuli.

Bilkisu: Yaya Mannir, in akwai wuri a tafi da Hafsat. Ni zan biya kuɗin motarta, na fasa ankon watan gobe.

Kawu Lawal: Har yanzu ina kan bakana, da kuɗin waken nan taki aka ajiye da ya fi. Mannir, kuɗin makarantar yaran ka biya shi kafin ka hau mota, ba bayan ka dawo ba. Ka kira ni bayan isha'i mu yi lissafin tare.